Darasi na 7: Haɗa Lasifika Mai Ƙaho don Ɗaki

Kowa ya san lasifikar da ke kan hasumiyar masallaci, mai siffar mazurari. Ƙaramin inji ne a bayanta, amma muryar ladan tana kaiwa ƙarshen unguwa. Aikin ƙahon ne. Faifan lasifika yana da nauyi, iska kuwa ba ta da shi, saboda haka in faifan ya tura iska a fili, sai ta zame gefe, yawancin ƙarfin wutar ya tafi a zafi. Ƙaho yana matse iskar a ƙunci, ta yi wa faifan tauri, sannan ya sake ta sannu a hankali har zuwa baki. Shi ya sa lasifika mai ƙaho take cika ɗaki da wat ɗaya ko biyu, abin da ke da amfani ga mai batir ko sola. A Amurka, Paul Klipsch ya fara ƙera irin ta gida a garin Hope na jihar Arkansas a 1946, ya naɗe ƙahon cikin akwati ya jingina shi a kusurwar ɗaki, bango biyu da daɓe suka zama ƙarashen bakinsa.

Ƙa'idar awo

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Ku raba 343 da adadin Hz (yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa) na muryar da kuke so, ku sami tsawon zangonta a mita. Kewayen bakin ƙaho kada ya gaza wannan tsawon. Murya mai kauri ta Hz 100 tana son baki mai faɗin fiye da mita ɗaya, wanda ba kowane ɗaki zai ɗauka ba. Don haka za mu haɗa ƙahon tsakiyar murya na Hz 300, mu bar kaurin ga akwatin ufa, wato lasifikar murya mai kauri, na yau da kullum.

Kayan aiki: lasifika mai inci 4, om 8, filawud mai kaurin milimita 4 da wani mai 18, kwali, farin gam na kafinta, garin katako, sukuru, auduga, kafasita mai maikurofarad 40 wadda ba ta da gefen tarawa da na ɗebewa, zarto, samfefa da salatef.

Ƙahon mai kusurwa huɗu ne, ɓangarori huɗu iri ɗaya. Maƙogwaronsa, wato ƙuntataccen gefen da ke wajen lasifika, santimita 5 a kowane gefe, bakinsa 40, zurfinsa 38. Faɗin gefe yana ninkawa biyu bayan kowane santimita 12.6 na zurfi: 5, 10, 20, 40.

Zana ɓangare

Nan ne akasarin masu koyo suke faɗuwa, sai ku natsu. Katakon lanƙwasa shi za a yi, kuma lanƙwasasshen layi ya fi miƙaƙƙe tsawo. Wanda ya yanka ɓangare mai tsawon 38 zai ga ƙahonsa ya gajarce, bakin ya buɗe da wuri. Tsawon da za ku zana a shimfiɗe 43 ne.

Ku ja layi a tsakiyar kwali. Ku sa alama a kan 0, 6.5, 13, 19.5, 26.5, 34 da 43. A kowace alama ku auna faɗi, rabi hagu rabi dama, bi da bi: 5, 7, 10, 14, 20, 28, 40. Ku haɗa ɗigogin da lanƙwasasshen layi, siririn tsinken kwakwa ko wayar ƙarfe za ta taimaka. Ku yanka huɗu na kwali, ku haɗa da salatef tukuna. In gefunan sun haɗu ba rata, sai ku kwafa a kan filawud. Ku sa jijiyar katakon ta bi faɗi, ya fi saurin lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba.

Haɗawa

Ku fara mannawa daga maƙogwaro, kuna ɗaure kusurwoyin da salatef taki-taki har baki. Ku kwaɓa gam da garin katako ya yi kaurin tuwo, ku cike kusurwoyin ta waje, ku bar shi kwana guda. Sannan ku yanka allo daga filawud mai kauri, ku huda rami 5 da 5 a tsakiya, ku manna shi a maƙogwaro. Tsakanin allon da lasifika ku sa zoben kwali ko roba mai kaurin milimita 5, don kada faifan ya riƙa dukan katako. Bayan lasifikar ku rufe shi da ƙaramin akwati na kimanin lita 2, da auduga sako-sako a ciki.

Kafasita tana shiga a kan waya mai alamar tarawa. Da ita da om 8, tana rage duk muryar da ke ƙasa da Hz 500. Kada ku tsallake ta: ƙasa da Hz 300 ƙahon ba ya riƙe faifan, sai ya yi ta lilo a banza har ya yage.

Abin da kan lalace

In murya tana fita kamar mai magana ta hanci, ku ƙwanƙwasa jikin ƙahon. In ya amsa kamar ganga, katakon ne ke rawa. Ku ƙara masa wani filawud ta waje, ko ku lulluɓe shi da buhu da kwalta. In akwai huci ko fito, iska na yoyo a maƙogwaro, inda matsi ya fi yawa, rami kamar na allura ma ya isa. In ƙahon ya danne ufa, hakan al'adarsa ce, ku sa masa rizisto mai om 8, wat 10, a jere, amma ku rage kafasita zuwa 20. In kuwa murya ta yi rami a tsakiya, wato ta raunana inda ufa da ƙaho ke haɗuwa, ku taɓa wayoyin kowace lasifika da batir mai bolt 1.5: faifan duka biyun gaba ya kamata su fito. In sun yi daidai ramin bai tafi ba, ku juya wayoyin ƙahon ku sake saurare.

Ku shafa fenti ko banish ciki da waje kafin damina, domin katakon da ya kumbura da laima ya bushe da hunturu a kusurwa yake fara buɗewa.