Idan bayanai suka saɓa kan kakanninku

'Yan'uwa masu bin salsala, in takardu biyu suka ba da shekarar haihuwa daban, ku fi gaskata wadda aka rubuta kusa da lokacin haihuwar. Shekarun da ke takardar mutuwa sau da yawa wani mai makoki ne ya faɗa da ka.

Amma kafin ku yar da ɗaya, ku duba ko mutum biyu ne, jika da kakan da ya ci sunansa. Wannan ya sha ruɗa ni. Kalanda ma tana yi: shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, shekara 33 a lissafin Hijira kusan 32 ke nan a na Miladiyya.

Tsofaffi kuwa ku tambaye su ɗai-ɗai, don ƙarami kan bi bakin babba. Ku rubuta wa ya faɗi me.