Kafin ku sayi sabon faifan ajiya, ku duba agogon kwamfutar

'Yan uwa, idan kwamfuta ta nuna "No bootable device" lokacin kunnawa (wato ba ta ga faifan da za ta tashi daga kansa ba), kar ku yi saurin kai ta gyara.

Ku fara cire duk filas da ke jikinta, ku sake kunnawa. Wani lokaci a kansa take neman Windows.

Idan ta ƙi, ku shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta kafin Windows ta buɗe: da kun kunna, ku danna F2 a Dell, F10 a HP. Ku kalli kwanan wata. In ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin CR2032 da ke kan allon ciki ne ya mutu. Shi ke riƙe saiti idan an kashe wuta. Da ya ƙare, sai kwamfuta ta manta inda za ta tashi, ko ta sauya daga UEFI (sabon tsarin tashi) zuwa Legacy (tsohon tsarin). Faifan lafiyarsa lau, hanyarsa ce ta ɓace mata.

Ku sa sabon batiri (masu gyaran agogo ma suna sayarwa), ku gyara kwanan wata, ku mayar da faifan ya zama na farko a jerin tashi, wato jerin wuraren da kwamfuta ke neman Windows.

Amma fa in sunan faifan bai fito a BIOS ba sam, ku duba ko wayarsa ta kwance. In kuma yana ƙara ƙas-ƙas, ku kashe nan take, kar ku yarda a yi fomatin kafin a kwashe muku fayiloli.