Yadda za ka gane lambobin yaƙin Bama da kakanka ya bari, da yadda za ka adana su

Jama'a, a Zariyar nan gidaje da yawa suna da irin kayan nan a ƙasan adaka ba tare da an san darajarsu ba, wasu lambobi na ƙarfe masu ɗan ƙyalle kala-kala da tsoho ya dawo da su daga yaƙin Hitila, ya rasu, aka tura su cikin gwangwanin alawa tare da tsofaffin makullai. Daga baya yara su ɗauka suna wasa, ko a haɗa da ruɓaɓɓen ƙarfe a ba ɗan gwangwan ya auna a sikeli, abin yana min ciwo wallahi. Toh in kana da su a gida ga yadda za ka bi.

Kafin komai fito da su ka shimfiɗa a kan farin ƙyalle mai tsabta, kar ka wanke tukuna, ka ɗau hoton kowace gaba da baya da wayarka. Sai ka raba su biyu, masu siffar tauraro mai tsini shida kalar tagulla, da masu zagaye kamar tsohon kwabo amma farare.

Taurarin ba su da wahalar ganewa don sunan kowace yana rubuce a jikinta. Wadda aka fi samu a wajenmu ita ce wadda aka rubuta THE BURMA STAR, ƙyallenta ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da zanen ruwan lemo a ciki. Ana ba wanda ya yi aiki a fagen Bama, wato ƙasar Myanmar ta yanzu a Asiya, tsakanin Disambar 1941 da 2 ga Satumbar 1945, kuma mutanenmu sun je can ne a cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, ta 81 ta tafi a 1943 ta yi fama da Japanawa a kwarin kogin Kaladan, ta 82 ta biyo baya a 1944, su biyun suka haɗu wajen karɓe garin Myohaung a Janairun 1945. Akwai kuma bataliyoyin Najeriya uku da aka ware aka haɗa su da dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944, waɗanda ake kaiwa bayan layin abokan gaba cikin daji, kaga inda barikin Chindit na nan Zariya, wajen da dafo ɗin sojoji yake, ya samo sunansa ke nan. Da yawanmu muna wucewa ta wajen kullum ba mu taɓa tambaya ba.

In kuma ka ga THE AFRICA STAR, mai ƙyalle kalar rairayi da jan layi a tsakiya, toh ga sojan Najeriya galibi yaƙin gabashin Afirka ne na 1940 zuwa 1941, lokacin da aka kori Italiyawa daga Somaliya da Habasha. Wanda yake da wannan da ta Bama a tare, ka san tsohon ya ga jiya, fage biyu ya taka. Ta ukun ita ce THE 1939-1945 STAR, ƙyallenta layi uku, shuɗi mai duhu da ja da shuɗi mai haske, galibi sai mutum ya yi wata shida a fagen daga ake ba shi.

Masu zagayen kuwa dubi bayansu. Wadda ke da zaki tsaye a kan wani dodo ita ce lambar yaƙin 1939 zuwa 1945, kwana 28 na aikin soja ya isa a same ta shi ya sa ta fi yawa, a gabanta akwai Sarkin Ingila Joji na shida da kambi a kansa. Ɗayar mai koren ƙyalle da ruwan lemo a tsakiya da siraran baƙaƙen layuka, kan sarkin babu kambi, ita ce lambar tsaro. Ba azurfa ba ce ko ɗaya daga cikinsu, haɗin tagulla da wani farin ƙarfe ne, taurarin ma ba zinari ba ne, kar wani ya ruɗi gidanku da wannan zancen har a kai wa maƙeri ya narke.

Ga inda nake so ka fi natsuwa. Lambobin yaƙin duniya na biyu da Ingila ta raba wa sojojinmu yawanci babu sunan kowa a jiki, bayan tauraron fayau yake. Ma'ana ranar da lambar ta rabu da gidan, ko ta rabu da takardar sallamar tsoho, shikenan ta zama ƙarfe kawai, babu mai iya cewa ta wane ce. Sai dai in kun yi sa'a taku ta yaƙin farko ce na 1914 zuwa 1918, na waɗanda suka je Kamaru da gabashin Afirka, su kam ana buga lambar soja da muƙami da suna a bakin zagayen, ka karkata ta wajen haske ka karanta a hankali, masu zagayen biyu ne, ɗaya mai ƙyalle kamar bakan gizo, ɗaya kuma azurfa ce ta gaske. Don haka ka bincika adakar da kyau ko akwai littafin sallama ko takardar fansho ko wani tsohon hoto da kaki, in ka samu ka yi fotokwafi, amma dan Allah kar ka kai asalin a manne shi da leda mai zafi irin ta shagon kwamfuta, in aka yi ba ya komawa kuma yana cin takardar. Sannan ka je wajen gwaggo ko baffa da suka rage, ka ce Baba dan Allah me kuka ji yana faɗa, kofur ne ko saje ko samanja, ta wace hanya suka tafi, shekara nawa ya yi bai dawo ba, ka naɗi muryarsu a waya ka kuma rubuta a takarda ka haɗa da lambobin wuri guda. Wannan aikin ya fi gaggawa a kan gogewa.

Wajen tsabtacewa a yi hankali. Ban da toka, ban da rairayi, ban da lemon tsami ko soson ƙarfe, duk suna cinye rubutu da zanen fuska, man goge ƙarfen nan Brasso ma in aka yawaita haka yake yi, duhun nan da kake gani na tsufa ba datti ba ne, ka bar shi. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori mai laushi sun wadatar, a shanya ta bushe sarai, kuma kar ruwa ya taɓa ƙyallen ko ya koɗe ko ya yage, in ma za a sa sabo sai a ninke tsohon a ajiye tare.

Ajiya kuma, naɗe kowace daban cikin auduga ko farin yadi don kar su riƙa karce juna, kar a ɗaure da roba, a sa a akwati mai murfi nesa da ƙasa da bangon da ke jan sanyi da damina, ka jefa 'yar ledar nan mai ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi tana shan danshi. In kana so a rataye a falo kafinta zai haɗa maka firam mai gilashi, jerin shi ne tauraron 1939-1945 da farko, sai ta Afirka, sai ta Bama, sai ta tsaro, ta yaƙi a ƙarshe, kuma a zaɓi bangon da rana ba ta dukansa.

Saura maganar gado, don nan ake yin asara. A ganina kar a raba su ɗaya-ɗaya tsakanin ɗakuna, jerin gaba ɗaya shi ke nuna inda mutum ya je da abin da ya yi. Magada su zauna su yarda a bar su hannun mutum ɗaya mai riƙon amana, a rubuta hakan kowa ya sa hannu, sauran kowa a tura masa hotuna da kwafin takardun. In kuna da wata lamba da ba ta cikin waɗanda na lissafa, kamar ta Kwango ta Majalisar Ɗinkin Duniya ko ta yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ku je da hotonta ofishin 'yan mazan jiya mafi kusa da ku a duba muku, ita lambar ku bar ta a gida.