Kurakuran da aka fi yi wajen sauraron tsofaffin ƙungiyoyin rok mai nauyi da na jaz-rok

Tsakanin 1968 da 1974 an yi ƙungiyoyin kiɗa barjat a Ingila da Amurka da Jamus waɗanda ba su kai shaharar Led Zeppelin ko Black Sabbath ko Mahavishnu Orchestra ba, alhali wasunsu ba su gaza su iya kiɗa ba. Da yawansu faifai ɗaya ko biyu suka yi, kasuwa ta ƙi, suka watse. Yanzu intanet ta tono aikinsu, amma da yawa daga masu leƙawa sukan saurara na minti ɗaya su ce hayaniya ce kawai. Galibi matsalar tana wajen yadda aka saurara.

Babban kuskure shi ne sauraro ta lasifikar waya. Wannan kiɗa nauyinsa yana ƙasa, wurin jitar bes da babbar gangar ƙafa. Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes tana bada amo kusan hez 41, wato kaɗawa 41 a daƙiƙa, ƙaramar lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da amo mai zurfi haka. Abin da zai rage maka sai ƙarar kuge da kukan jita. Ɗauki faifan Atomic Rooster na 1970, Death Walks Behind You: babu mai jitar bes a ƙungiyar a lokacin, Vincent Crane ne yake fitar da amon ƙasan daga ogan ɗinsa na Hammond, hannun hagu yana riƙe da gindin kiɗan, na dama yana yawo a sama. Ta waya ba za ka ji wannan aikin ba sam. Gyaran mai sauƙi ne. Sa abin ji mai rufe kunnuwa biyu, ko lasifika biyu da aka raba hagu da dama. Kada ka sa kunne ɗaya ka bar ɗaya, domin a faifan wancan zamani an sha jibge jita a gefe guda, ogan a ɗaya gefen, wani lokaci har ganga. Sannan ka duba saitin wayarka ka kashe abin da ke haɗe sautin hagu da dama wuri ɗaya, ka kuma kashe maɓallin ƙara bes, don yana cakuɗa bes da gangar ƙafa su zama gunji ɗaya.

Daga nan sai rikita ƙazantar sauti da aka yi da gangan da wadda lalacewar fayil ta jawo. Makaɗan lokacin suna buɗe amfilifayar Marshall, wato na'urar ƙara sauti, mai wat 100 har ƙarshe, suna ratsa jita ta wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa don amon ya dakushe ya yi kaushi. Mike Ratledge na Soft Machine har ogan ɗinsa yake ratsawa ta irin wannan akwatin. Ga yadda za ka bambance: idan da gangan ne, kayan kiɗa ɗaya ne zai yi kaushi, sauran suna fita tas. Idan fayil ne ya lalace, kugen ganga ne zai fara tonawa, sai ka ji yana shuu kamar a cikin ruwa. Duba girman fayil ɗin. Kiɗan minti biyar a MP3 mai 320 (kilobit a daƙiƙa, ma'aunin ingancin sauti) yakan kai megabait 12, mai 128 kuwa bai cika biyar ba. Nemi mai 256 ko 320, ko FLAC, nau'in fayil da ba ya zubar da komai na sautin, idan kana da data da wurin ajiya. Mayar da mai 128 zuwa 320 ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar, girma kawai yake ƙarawa. Akwai kuma faifan da tun daga sitidiyo aka ɗauke shi a dakushe, kamar Emergency! na Tony Williams Lifetime, 1969. Kowane bugu ka samu haka za ka ji shi. Ka haƙura da sautin, domin abin da Williams yake yi da ganga, da John McLaughlin a jita, da Larry Young a ogan, ya cancanci haƙurin.

Wani abin da ke korar mutane shi ne shiga ta faifan da bai dace ba. Waɗannan ƙungiyoyi suna sauya mutane da salo cikin shekara ɗaya ko biyu. Lucifer's Friend ta birnin Hambug ta fara da rok mai nauyi a 1970, amma zuwa Banquet na 1974 ta koma kiɗa mai ƙahonni da ƙamshin jaz. Atomic Rooster da Chris Farlowe ya shigo yana rera mata waƙa a 1972 kusan wata ƙungiya ce daban. Ga kuma takwarori: akwai Skid Row ta ƙasar Ayilan wadda Gary Moore ya kaɗa wa jita yana matashi, ba ita ce ta Amurka ta ƙarshen shekarun 1980 ba, haka ma akwai Nirvana ta Landan tun 1967, wadda ba ita ce Nirvana ta Amurka ba. Manhajojin sauraro sukan cakuɗa irin waɗannan a shafi ɗaya. Kafin ka danna, shiga Discogs, shafin intanet na bayanan faifai, ka duba shekarar fitowar farko da sunayen waɗanda suka yi kiɗan. Shekarar da manhaja ke nunawa sau da yawa ta sabon bugu ce.

Inda aka fi yin asara shi ne gaggawa, musamman a ɓangaren jaz-rok. An tsara wannan kiɗa ne a kan faifan garmaho mai gefe biyu, kowane gefe yana ɗaukar kusan minti ashirin, kuma makaɗan suna tunanin gefen a matsayin abu guda. Third na Soft Machine, 1970, faifai biyu ne, gefe huɗu, kowane gefe kiɗa ɗaya tal. Wanda ya saurari daƙiƙa talatin ya tsallake, a wani gefen bai ma kai inda ganga take shigowa ba. Ware minti ashirin, gefe ɗaya kawai, ka ajiye wayar. A sauraron farko kada ka bi mai saksofon ko mai jita, zai ɓatar da kai. Bi mai bes. Yawanci yana maimaita ɗan gajeren zagaye ne, shi ne ƙasar da kowa yake takawa. Da ka kama zagayen, sai ka lura da jigon da aka buɗe da shi, yadda ake ba kowane makaɗi fili ya yi nasa, da yadda ake komowa kan jigon. A sauraro na biyu ka bi mai ganga. Sai a na uku ka saki kunnenka ga masu fili.

Idan ka ji ƙafarka ta kasa bin bugun, kamar ana tuntuɓe a ƙarshen kowane zagaye, to ba makaɗan ne suka yi kuskure ba. Zagayen ne ba na huɗu-huɗu ba, mai yiwuwa na biyar ne ko bakwai ko tara. Kada ka ƙirga har bakwai a jere, za ka ɓace. Karkasa shi: ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku, kana tafawa a kan kowane "ɗaya". Na biyar kuma ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu. Idan bai zauna ba, matsar da ukun zuwa farko ka sake gwadawa. Kunnen da ya saba jin kalangu yana ratsa bugun ganga ba tare da sun yi karo ba ya riga ya yi rabin wannan aikin. Ga mai farawa, Elastic Rock na Nucleus, ƙungiyar mai busa ƙaho Ian Carr, ya fi Third sauƙin shiga, don kiɗe-kiɗensa gajeru ne. Su ne suka zo na ɗaya a gasar bikin jaz na Montreux a 1970.

Akwai masu auna kowa da Black Sabbath, da sun ji jita mai nauyi sai su ce kwaikwayo ne. A duba kwanan wata tukuna. Blue Cheer ta San Faransisko ta fitar da Vincebus Eruptum a farkon 1968, shekara biyu kafin faifan farko na Sabbath, wanda ya fito a Fabrairun 1970. Budgie ta birnin Kadif kuwa, Rodger Bain ne ya ɗauki faifanta na farko a 1971, shi ne kuma ya ɗauki na Sabbath uku na farko, don haka kamannin sautin yana da dalili. Raba rok da jaz gida biyu ma kuskure ne ga wannan zamani. Kamfanin Vertigo da ya fitar da Sabbath, da faifan ƙungiyar jaz-rok ta Colosseum ya buɗe, Valentyne Suite, 1969, kuma Nucleus ma a can take. Jack Bruce na ƙungiyar rok ta Cream ya shiga Lifetime a 1970.

Tsada ba ita ce daɗi ba. Bugun farko na Growers of Mushroom na Leaf Hound, 1971, yana cikin faifan rok na Ingila mafiya tsada, saboda kaɗan aka sayar. Faifai ne mai kyau, amma Kingdom Come na Sir Lord Baltimore, inda mai ganga John Garner yake kiɗa yana rera waƙa lokaci guda, ya fi shi wuta nesa ba kusa ba. Saurara tukuna kafin ka sa kuɗi. Idan za ka sayi faifan garmaho, duba lambobin da aka zana a filin da ke kusa da takardar tsakiya, ka gwada su da na Discogs, don jabu sun yi yawa. Ka jera su a tsaye, nesa da rana da jikin bangon da ke ɗaukar zafi, domin zafi yana lanƙwasa su. Ka share ƙura kafin kowane sauraro, musamman da hunturu, ka kuma saita nauyin allura yadda masu ƙera ta suka rubuta. Allurar da ta yi sakayau tana tsalle cikin layin ta ƙwarzane shi.

Da yawa kuma sukan tsaya a Ingila da Amurka. Japan tana da Flower Travellin' Band da faifansu Satori na 1971. Zambiya tana da WITCH da Amanaz da Ngozi Family, masu jita mai kaushi ƙwarai. A Legas akwai BLO, da Ofege waɗanda ɗaliban sakandare ne lokacin da suka fara, a shekarun da Ginger Baker na Cream ya zauna a birnin yana aiki da Fela Kuti. An sake buga yawancin waɗannan daga baya, wasu daga tef na asali, wasu kuma daga tsohon faifai aka kwafo saboda tef ɗin ya ɓace. Idan ka ji ƙas-ƙas a cikin sabon bugu, karanta bayanin bangon kafin ka zargi na'urarka, don kamfanonin kirki sukan faɗi daga inda suka ɗauko sautin.