Darasi na 7: Maimaita Saƙo Kafin Ka Tashi

Yawancin saɓanin wurin aiki daga nan yake farawa: wani ya yi magana, wani ya ji rabi, ya gyaɗa kai ya tafi.

Shugabar sashe ce ta leƙo ofis, waya a kunnenta, ta ce wa sabon ma'aikaci, "Ka kai wa akanta fayil ɗin can kafin a tashi." Ya ce, "To, ranki ya daɗe." Fayil biyu ne a kan tebur, ja da shuɗi. Yana tsoron kada a ce ba ya ganewa, sai ya yi shiru ya ɗauki ja. Washegari aka yi ta neman shuɗin, ga shi nan inda ta bar shi. Ranta ya ɓaci, shi kuma ya wuni yana jin an zalunce shi. Da ya ce, "Ranki ya daɗe, shuɗin ko jan?" da magana ta ƙare. Matambayi ba ya ɓata.

Kada ka ɗauka tabbatar da saƙo aikin ƙananan ma'aikata ne kawai. Matuƙin jirgin sama dole ne ya maimaita wa hasumiya, inda masu kula da tashi da saukar jirage suke, muhimmin umarnin da aka ba shi. A 1977, a tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Rashin fahimtar magana ta rediyo yana cikin manyan dalilai: wani matuƙi ya zaci an ba shi izinin tashi, alhali ba a ba shi ba.

To, yaya ake yi? Ka bari mai magana ya kai aya, kada ka tari numfashinsa. Sannan ka mayar masa da abin da ka ji a taƙaice: mene ne aikin, wa za a kai wa, yaushe. Fara da "wato", ta fi laushi. "Wato in kai shuɗin wurin akanta kafin ƙarfe 4?" Idan akwai lamba ko suna, rubuta su nan take, ka karanta masa. Ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce wajen lamba, musamman a waya.

Aikin aji: ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya ba da saƙo mai rana da lamba, ɗayan ya rubuta, ya maimaita. Sai ku musanya.