Ƙirar jiki da motsa jiki: yadda za ka auna abin da zai canza da wanda ba zai canza ba

Ɗinki ne sana'ata, shagona yana Tudun Wada a nan Zariya, da asuba kuma ina ɗaga ƙarfe tare da samarin layinmu. Shi ya sa tambayar ko motsa jiki yana iya canza ƙirar jiki take zuwa mini ta ƙofa biyu. Siririn yaro zai ce, "Oga, ni fa ko buhun shinkafa na cinye ba na ƙiba, akwai amfanin in fara?" Magidanci kuma ina gwada masa kaftani sai ya shafa tumbi ya ce, "Malam, wannan a gidanmu gado ne." Kowannensu yana da gaskiya, amma ba duka ba, kuma littafin awona shaida ne.

Duk wanda na daɗe ina yi wa ɗinki, awonsa kashi biyu ne. Tsawon riga, tsawon hannu, tsawon wando da faɗin kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi, da zarar mutum ya haura ashirin ba na sake taɓa su. Ƙugu, ƙirji, wuya, damtse da cinya kuwa, kusan kowace Sallah sai na soke na rubuta sabo. Dalili shi ne dogayen ƙasusuwa suna girma ne daga wani guringuntsi da ke ƙarshensu, idan an gama balaga sai ya daskare ya zama ƙashi, mata ma nasu yana riga na maza rufewa. Daga nan babu motsa jikin da zai ƙara maka tsawo ko ya faɗaɗa maka ƙashin kafaɗa. Tsoka da kitsen da ke kan ƙashin su ne a hannunka.

Za ka ga bidiyo a TikTok ana raba mutane gida uku: ektomof siriri, mesomof ƙaƙƙarfa, endomof mai jiki, kowa da jadawalinsa. Wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, William Sheldon, shi ya fito da wannan rabon a 1940, bayan ya duba hotunan ɗalibai maza, har ya ce ƙirar mutum tana nuna halinsa. Masana sun daɗe da watsar da wannan magana tasa. Ni ma yawancin waɗanda nake aunawa a tsakiya suke: siririn hannu da ƙafa, ga tumbi a gaba.

Gadon dai yana nan. A Jami'ar Laval ta Kanada, Claude Bouchard da abokan aikinsa sun ɗauki tagwaye masu kama ɗaya, maza 24, suka riƙa ƙara wa kowa kalori 1,000 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a kan abincinsa na kullum, kwana shida a mako, tsawon kwana 100. Sakamakon ya fito a 1990: wani ya ƙaru da kilo 4 da 'yan kai, wani fiye da kilo 13, kuma ƙibar Hassan takan yi kusa da ta Hussaininsa. Haka wani bincike na 2005 a kan mutum 585 da suka yi mako 12 suna horar da hannu ɗaya: akwai waɗanda damtsensu bai ƙaru ba, akwai wanda nasa ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari. Don haka idan abokinka ya fi ka saurin cika alhali tare kuka fara, ba lallai ne ragwancinka ba. Da awonka na baya za ka gwada kanka.

Fara da awo. Sayi tef na tela, ka auna da safe kafin karin kumallo. Ƙugu shi ne babba, kuma nan ake yaudarar kai. Alhaji zai rantse mini ƙugunsa inci 34 ne, don a ƙasan tumbi yake ɗaura wando, in na zagaya tef inda ya dace sai a ga 41. Lalubi haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, ka zagaya tef a tsakiyarsu, ka fitar da numfashi yadda ka saba, ban da shanye ciki. Abin da ake so kada ƙugu ya kai rabin tsawonka: mai tsawon inci 68 ya tsaya ƙasa da 34. Sannan ka auna ƙirji, damtse da cinya, ka rubuta da kwanan wata. Sau ɗaya a wata ya isa.

Aikin kansa kusan ɗaya ne ga siriri da mai jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, da aƙalla kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Ba sai ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Jarka mai lita 20 in ta cika da ruwa kilo 20 ce, kuma za ka iya rage ruwan daidai ƙarfinka. Rungume ta a ƙirji ka tsuguna ka miƙe. Ajiye ta a ƙasa ka ɗago ta da ƙarfin cinya da kwankwaso, bayanka a miƙe. Yi firesof, wato ka kifa ciki ka dafa ƙasa da hannu biyu kana ture jikinka sama kana sauka. Sami ƙarfe ko reshe mai ƙwari ka rataya ka ja jikinka sama. Kowanne sau 8 zuwa 12, ka huta, ka maimaita har zagaye uku, kwana biyu ko uku a mako da hutun kwana a tsakani. Ranar da 12 ta zo maka da sauƙi, ƙara ruwa a jarkar. Wannan ƙarin a hankali shi ne abin da yake sa tsoka girma, kuma shi ne abin da yaran suka fi mantawa, sai ka ga mutum shekara guda yana ɗaga siminti ɗaya da aka zuba a gwangwanin madara.

Inda hanya ta rabu shi ne a kwano. Siriri sai ya ci fiye da yadda ya saba, musamman mai gina jiki. Masu bincike suna kiyasta kimanin giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyinka a rana, wato mai kilo 60 yana neman kusan giram 96. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, ka ga ƙwai kaɗai ba zai kai ka ba. Haɗa da wake, awara, ƙuli-ƙuli, kifi, kindirmo, da nama idan aljihu ya yarda. Ko a farko, lokacin da jiki ya fi karɓa, da wuya tsoka ta ƙaru da fiye da kilo ɗaya a wata.

Don Allah ka guji ƙwayar nan da ake kira sha ka fashe. Galibi dexamethasone ce, wani maganin rage kumburi, wani lokaci haɗe da maganin buɗe ciki. Ruwa da kitse take tarawa a fuska da ciki, tana zaizaye tsokar hannu da ƙafa, tana tayar da sukari da hawan jini, tana raunana ƙashi. Na auna irin wannan jikin: wuya ya ƙaru, ciki ya ƙaru, damtse ya ragu. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina farat ɗaya, ya ga likita a rage masa a hankali.

Mai tumbi kuma, motsa ciki sau ɗari ba ya narkar da kitsen cikin, bel ɗin zufa ma ruwa kawai yake fitarwa. Jiki ne yake zaɓar inda zai fara rage kitse, wannan ma gado ne. Yi tafiya mai sauri wadda za ka iya magana amma ba waƙa ba, misali daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka ka dawo, in ƙafa ta saba ka gwada hawan dutsen Kufena ranar Asabar. Rage sukarin shayi da lemon kwalba, malmala uku ta koma biyu, miya da ganye su ƙaru. Rabin kilo a mako ya yi, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana taimaka wa hawan jini da sukari. Idan ka wuce arba'in ko kana da wata larura, a gwada jininka kafin ka fara ɗaga nauyi.

'Yan'uwa mata, ɗaga nauyi ba zai mayar da ke gardi ba, sinadarin da ke kumbura tsokar maza kaɗan ne a jikinki.

Bayan wata uku ka ɗauko takardarka. Siririn da awonsa bai motsa ba ya ƙara cin abinci sau ɗaya a rana, ya kuma duba ko yana ƙara nauyin da yake ɗagawa da ko barcinsa yana kai awa bakwai. Mai jikin da sikeli bai sauka ba amma ƙugu ya ragu, ya ci gaba yadda yake. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ko tari da zufar dare, ya ajiye jarka ya tafi asibiti a gwada shi.