Maganin mabiyiyar dabbobi da gigin tsufa: kurakuran da muke tafkawa

Ranar da goggona ta tsaya tsakar gida a Ƙofar Atiku cikin Sakkwato, buta a hannu, tana tambayar jikarta inda ake alwala a gidan da ta tsufa a cikinsa, ranar muka san abin ya wuce mantuwa. Ba a yi mako ba wani ƙanena ya turo hoton wata kwalba ta WhatsApp, ƙwayoyin mabiyiyar tunkiya daga ƙasar waje. "Yaya, wanga shina tada ƙwaƙwalwa, ku saya ma Goggo." Muka saya, har kwalba uku. Don haka kurakuran nan da zan faɗa, yawancinsu a gidanmu aka fara yin su.

Babban abin da ya ja mu shi ne kalmar "bincike ya nuna". Binciken yana nan, ba ƙarya ba ne. An gwada ruwan da ake tatsa daga mabiyiyar alade da ta doki a kan ɓeraye, a wasu gwaje-gwajen kuma aka ga alamar raguwar kumburi a ƙwaƙwalwa, ko ɓeran ya fi tuna hanya. To amma ɓera ba goggona ba ce. Magunguna da yawa sun yi aiki a jikin ɓera, da aka zo kan masu cutar Alzheimer, wadda ke jawo gigin tsufa, sai suka faɗi warwas. Har yau babu wani babban gwaji a kan mutane da ya tabbatar mabiyiya tana warkar da gigin tsufa ko tana hana shi. Gyaran mai sauƙi ne. Duk wanda ya ce maka bincike, tambaye shi: a kan wa aka yi, mutum nawa, wata nawa aka bi su?

Sai maganar "ai a Japan likitoci ke ba da shi". Gaskiya ne Japan ta amince da allurai biyu, Laennec da Melsmon. Amma daga mabiyiyar ɗan Adam ake yin su, kuma ta farko don ciwon hanta ce, ta biyu don matsalolin da mata ke shiga lokacin ɗaukewar al'ada da ƙarancin nono. Babu ƙwaƙwalwa a ciki. Abin da mai talla ba zai gaya maka ba, a 2006 aka hana karɓar gudummawar jini a Japan daga wanda aka yi wa allurar, don gudun cutar da ba a iya ganowa.

Akwai kuma masu cewa ƙwayar na ɗauke da ƙwayoyin halitta masu rai da za su je su gina ƙwaƙwalwa. Abin da aka busar, aka niƙa, aka ɗura a kwanso, ya kwana a shago cikin zafin Sakkwato na watan Afrilu, ina ya ga rai? Ko da ya isa ciki, ciki narkar da shi zai yi kamar yadda yake narkar da tsire, sannan ƙwaƙwalwa tana da shingen da ke tace abin da jini ya kawo mata.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne na masu cewa tunda daga dabba ne, ba ya cutarwa, har wani ya ce me zai sa a kashe kuɗi ga tumaki suna haihuwa a gida. Makiyayi ya san bakkale, cutar da ke sa dabba ɓari, kuma mutum na ɗaukarta ta hanyar taɓa mabiyiya ko shan nonon da ba a dafa ba. Ƙwayar cutar zazzaɓin Q ma, wani zazzaɓi da mutum ke ɗauka daga dabbobi, a mabiyiyar tumaki da awaki da shanu take taruwa. A 2014 wasu Amurkawa biyar sun tafi Jamus aka yi musu allurar ƙwayoyin halittar ɗan tayin tunkiya don neman lafiya, suka koma gida da zazzaɓin Q. A Jamus ke nan, ina ga allurar da wani zai yi wa tsohuwa a bayan shago? Kada a yarda a soka wa dattijo irin wannan, ko wa ya kawo ta.

Mu kuma ko karanta jikin kwalbar ba mu yi ba sai daga baya. A duba: in an ga porcine, alade ne, ovine tunkiya, bovine saniya. Ko ta dabbar halal ce, akwai maganar malamai a kanta, a tambaye su. Lambar NAFDAC kuwa, a kan irin waɗannan kayan ƙarin lafiya, ba shaida ce ta cewa suna warkarwa ba.

Amma asarar kuɗin ba ita ta fi ci mani rai ba. Watannin da muka yi muna jiran kwalba ta yi aiki, Goggo ta bar shan maganin hawan jininta, mu kuma ba mu matsa ba, muna ganin ga babban magani ya zo. Alhali hawan jini da ciwon suga suna cikin abubuwan da ke lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ciki har da waɗannan biyun, da raunin ji, da raunin gani, da shan taba, da kaɗaici, da rashin motsa jiki, da buguwar kai, ya ce magance su zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar. Dubi yawan dattijan da yanar ido ta zaunar a ɗaki, ba mai zuwa hira, ana cewa tsufa ne.

Kuma ba kowace ruɗewa ce gigin tsufa ba. Ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, duk suna kawo mantuwa, kuma ana maganinsu. Tsohon da ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana biyu, a yi zaton zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko shanyewar ɓarin jiki, a garzaya da shi asibiti a ranar. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Na san nauyin da sunan Kware ke yi a bakin mutane. Kai uwarka can ba cewa ka yi ta haukace ba. Magunguna irin su donepezil da memantine ba sa warkarwa, amma suna rage wa wasu alamun na ɗan lokaci, likita ne kuma zai ce ko sun dace.

Ranar da muka kai ta, mun zuba duk abin da take sha a leda ɗaya, har da ragowar kwalbar da tsimin gargajiya, aka zo da jikar da ke kwana ɗakinta, don ita ta san yaushe abin ya fara da yadda dare ke kasancewa. Aka mayar da ita kan maganin hawan jini, aka duba idonta. Goggo ba ta warke ba. Butarta dai yanzu wuri ɗaya ake ajiye mata, an shafa wa ƙofar makewayi shuɗin fenti, kuma bayan la'asar akwai mai zama kusa da ita yana jan Ƙul huwallahu, ita tana ƙarasawa.